Kauɗa a Kan Fijo

Adaidaita Sahun da Ma'u ke ciki ya mutu a wani layi na Nassarawa GRA. Direba na ta fama, ita kuwa idonta na kan wani gida da aka bar ƙofarsa a buɗe.

Wata dattijuwa ce tsaye kusa da tsohuwar Fijo, tayoyin motar sun nutse cikin ƙasa. Leshin jikinta ya koɗe, amma ya sha guga. Ta shimfiɗa buhu a kan rufin motar, tana jera yankakken tumatir na lokacin arha, don ya bushe ya zama kauɗa, ya kai su damina. Ma'u tana ayyana wa ranta maigidan da ya taɓa tuƙa motar nan, Hajiya a gaba, turare na tashi. Wataƙila ya rasu, wataƙila fansho suke jira.

Sai wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya leƙo. "Hajiya, a sayar mana da gwangwanin nan mana."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta shafa jikin motar kamar mai lallashin yaro.

"Malam, wuce. Har yau ita ke kawo mana cefane."