Habu Bai Sayar da Ila Ba

Ina tsakar gida ina tankaɗe sai wani mai kabu-kabu ya yi sallama, ya ce daga Ɗan Barto yake, ƙanena Habu mai haƙar rijiya ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san fuskar mutumin ba. Sai da na tambaye shi wa ya nuna masa gidana, sannan na iya kuka.

Malam, rubuta yadda na faɗa, amma kar ka sa sunan garin da aka kama shi.

Habu mutum ne mai kallon ƙasa. In zai haƙa rijiya sai ya yi ta zagaya fili, ya duba suri, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya shinshina, ya aje dutse. Yakan ce min, "Yaya, ruwan yana nan, gaggawa ce ke hana mu ganinsa."

Shekarar da suka tafi cin rani can gabas inda ake yaƙi, shi da abokin aikinsa Ila, haka suka yi a gonar wani. Ashe sansanin soji na bayan danga. Aka ce 'yan leƙen asiri ne, duwatsun nan alama suke sa wa 'yan daji. Aka jefa su kaso, ba alƙali ba shari'a. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, shiru.

Habu ya dawo shi kaɗai, da tari, ba haƙoran gaba. Nan magana ta tashi: me ya faɗa musu har suka sake shi? Gambo matar Ila ta daina amsa gaisuwata. Shi kuwa duk kaka sai ya aika mata gero, ya sa a ce zakkar wani Alhaji ce.

Na taɓa tsare shi a ɗaki na ce, "Habu, don girman Allah gaya min." Ya leƙa bayan zana ya dawo. Ya ce, "Yaya, rage murya. Ila a cinyata ya cika, da kalmar shahada. Sun ce in na buɗe baki, sun san hanyar garinmu Matameye."

Yanzu ba abin da za su iya yi masa. Ni ce ban iya barci. Ran sadakar uku na ga baƙi da takalma sau-ciki irin na ma'aikatan gwamnati a zaure, ba wanda ya san su. Amma Gambo har yau tana jiran miji, ba ta yi takaba ba. A je a karanta mata wannan, a ce ni na faɗa.

Allah ya jiƙan Habu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya jiƙan Ila duk inda suka binne shi. Allah ya raya marayunsu, ya ba Gambo haƙurin jin wannan labari, mu kuma ya rufa mana asiri. Amin.