Ciyawar Filin Sukuwa da Mabuɗin Masallaci

Akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, domin a ranar na zubar da sunan da na yi shekaru ina tattalinsa, kuma da dunduniyar ƙafata na zubar da shi.

Lokacin gwamnatin ƙasar nan ta Ingila tana ta tsuke bakin aljihu. Council, wato hukumar gari, ta rufe ɗakin karatun unguwa da nake sharewa a Birmingham, aka sallame mu. Na koma zaman gida a ɗan flat ɗina na haya a unguwar Lozells. Abin da ya rage mini na mutunci shi ne mabuɗin ɗan masallacinmu na Hausawa. Ba don ilimi aka ba ni ba, firamare kawai na yi. An ba ni ne don an san halina. Ni ne mai sake alwala sau uku saboda shakkar gwiwar hannu, kuma ba na sayen ko biskit sai an karanta mini abin da ke cikinsa.

Sai ɗan wani aminina ya kira ni daga Manchester, inda yake karatun dokta a fannin lissafi, a jami'ar da ke titin Oxford Road. Ya san kafin in zo Ingila na daɗe ina kiwon dawakin sukuwa na wani attajiri a Kano.

Ya ce, "Baba, bincike nake yi a kan filayen tseren doki. Wasu filayen ba su da adalci. Dokin da ya fara shiga gaba ya manne da shinge shi ke ci kullum, mai tattara ƙarfi ya taso daga baya kuwa wahalar banza yake. Na'ura ta ba ni lissafi, amma ba ta san ƙasa ba. Kai ka santa."

Na ce, "Ba wurin caca ba ne?"

"Haba Baba! Masu caca daban, mu daban. Data ce kawai."

Sau uku na tambaye shi, sau uku ya ce data. Ban san mece ce data ba, amma na ɗauka abin da aka kira da Turanci har ake ba da digiri a kansa ba zai zama haram ba. Gaskiyar da na ɓoye wa kaina ita ce, tun da aka sallame ni ba wanda ya tambaye ni komai sai ina tsintsiyar masallaci take. Yau ga mai shirin zama dokta yana cewa na fi na'ura.

Na hau bas na same shi, muka tafi wani fili a bayan gari shi da abokansa biyu. Kafin a fara tsere ana barin mutane su taka filin. Ciyawa ce kore shar, a ido kamar darduma ɗaya. Ina dasa dunduniya kusa da shingen ciki ta nutse. An yi kwanaki ba ruwan sama, sun shayar da filin, ruwan duk ya gangaro nan ya kwanta. Na taka zuwa waje na ji ƙasa tsam.

Na ce, "Yau mai shiga gaba ya rungumi shinge zai sha wuya. Ƙasar za ta riƙe masa kofato, kafin ya miƙe hanya numfashinsa ya ƙare. Wanda ya yi haƙuri a baya ya zagayo ta waje, shi zai wuce."

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Amma tarihin filin nan na masu gaba ne."

Na ce, "Tarihi ba ya gudu a kan laka."

Ina jin daɗin bakina a lokacin, Allah Ya yafe mini.

Tseren farko, wani akawal, baƙin doki, ya fita kamar an harbo shi, ya manne da shinge. Suna karya kwanar ƙarshe ya soma nishi, wani kili, farin doki, da ke can baya ya zagayo ta waje ya share su duka. Ban san lokacin da na daka tsalle ina ihu ba, har hulata ta faɗi. Na biyu ma haka. Sai a na uku, wanda shi ma ya zo yadda na faɗa, na lura duk lokacin da na buɗe baki sai ɗayansu ya ce zai je bayi. Na bi shi da ido. Bayin nasa wani Bature ne a tsaye kan akwati, da allo da jaka, yana karɓar kuɗi yana miƙa 'yan takardu.

Nan na gane caca suke yi da bakina. Na kama hannun ɗan aminina na ce, "Data ke nan?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Baba, mai caca shi ne mai dogaro da sa'a. Mu mun sani. Filin ne ba shi da adalci, mu gyara muke yi."

Ku ji fa! Mutum ya zo kwashe kuɗin mutane ba gumi, yana kukan ciyawa ta yi zalunci. Duk karatun nan, abin da ya ƙara masa shi ne iya sa wa ƙazanta riga. Ban ci ko loma daga abincin da suka saya ba. A bas na yi ta lissafin zunubi: na kallo, na nuni, na ihu. Har kuɗin tikitin da yaron ya biya mini na aika masa, ina tsoron ko daga can ya fito.

Ashe sun ɗauke ni a waya ina tsalle, sun watsa wa abokai da sunan Baba mai karanta ciyawa. Kafin Juma'a hoton ya iso Lozells.

Bayan salla wani babban akanta, shugaban kwamitin masallaci, ya tsayar da ni a gaban mutane. Ya ce, "Malam, mun ga abin da bai yi mana daɗi ba. Kawo mabuɗin tukuna, sai ƙura ta lafa." Ni ne a hoton, kuma ba wanda ya ɗaga ni sama. Na miƙa masa mabuɗin.

Ina tafiya gida sai ga motarsa ta tsaya kusa da ni. Ya sauke gilashi, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, wai da gaske ne sau uku ka faɗa, sau uku ya faru?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Wani abokin aikina ne ke tambaya. Gobe akwai tsere a wani fili nan kusa. In ka leƙa masa ciyawar, maganar mabuɗi mai sauƙi ce. Zan shawo kan kwamiti."

Na dubi carbin da ke lilo a madubin motarsa. Wallahi raina ya so mabuɗin nan, har na soma tunanin ko taka ciyawa kawai laifi ne, tunda ba ni zan miƙa kuɗi ba. Jin kaina ina wannan fatawar ne ya firgita ni.

Na ce, "Alhaji, ka gaishe da abokin naka. Ka ce masa ya cire takalmi ya taka da kansa, tunda ƙafarku ɗaya."

Ya ɗaga gilashi ya ja mota. Ba a sake maganar mayar mini da mabuɗi ba har yau. Ƙura ta lafa, wani ke buɗewa, ni kuwa ina sahun baya, ban kuma taɓa gaya wa kowa abin da aka ce mini a bakin titi ba.

Abin da na koya shi ne, na ɓata rayuwata ina tsaron ƙananan ƙofofi, ina duba bayan kwalin biskit, alhali babbar ƙofa tana buɗe. Mai son ya yi amfani da kai ba ya zuwa da haram a hannu. Zuwa yake ya ce maka kai kaɗai ka iya. Tun daga ranar, duk wanda ya fara magana da yabona, sai in tambaye shi me yake so kafin ya kai ƙarshe.