Ruwan Shuka Ya Same Ni a Hanyar Kusada

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke ranar da ruwan shuka ya same ni kishingiɗe a kan keke tsakanin Kankia da Kusada.

Tun da na faɗo daga mashin bayana ya taɓu, keke mai ƙafa biyu ya gagare ni. Wani mai walda a bakin tasha ya haɗa mini mai ƙafa uku: kujerar roba a tsakiya, ka kishingiɗa, ka miƙe ƙafafu gaba kana tuƙawa. Abokaina suka raɗa masa suna gadon asibiti. Ban damu ba, tunda shi ke kai ni masallaci da kasuwa da gonata ta hanyar Rimaye. Babban ɗana kuwa ya tsani keken nan. Kullum maganarsa motocin Kano ba sa ganin abin da ke ƙasa haka, in zauna gida, duk inda nake so za a kai ni. Ni kuma na san ma'anar "za a kai ni", wato zaman jira.

Da ƙungiyarmu ta masu keke ta shirya doguwar tafiya zuwa Kusada ta cikin ƙauyuka, sai muka yi sharaɗi da ɗan nawa. In na isa da ƙarfin ƙafata, ya ƙyale ni da kekena. In mota ta ƙarasa da ni, ya kulle shi har abada.

Shiri an yi shi, ba laifi. Kowace mararraba an ajiye mutumin ƙauye da jar tuta yana nuna hanya. Abu ɗaya muka manta, wai mu manoma 'ya'yan manoma: ƙarshen bazara ne, kowa idonsa na gabas.

Hantsi bai gama yi ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Mai keke mai ƙafa biyu bayansa ruwa ke duka, ni kuwa fuskata na sama kamar an shanya ni. Kujerar ta tara ruwa, na zama ina zaune cikin baho. Duk wanda ya wuce ni sai ya watsa mini taɓo har baki. Ga shi mai ƙafa biyu kan sami siririyar hanya tsakanin ramuka, ni dole ɗaya daga tayoyina ta afka. Can na duba, ba kowa gabana, ba kowa bayana.

A wata mararraba kusa da ƙauyen Ƙofa ban ga mai tuta ba, sai na bi inda ya fi faɗi. Na yi nisa sosai kafin na tarar da wani dattijo cikin yayyafi yana saran shuka da sungumi, matarsa na biye tana zuba iri.

"Malam, ina zuwa da kujera?" in ji shi.

Na ce Kusada.

"Ash! Ka baro hanya tun can. Mai tutar ai ɗan ƙanena ne, shina gona. Wa zai tsaya riƙon ƙyalle ran ruwan shuka?"

Ban iya ko fushi ba, don da ni ne ma haka zan yi. Na juya. Wallahi na gaji, irin gajiyar da mutum ke jin haushin numfashinsa. Tuƙi ɗaya, hutu ɗaya. Ina dawowa mararrabar sai ga motar ɗana, ashe nemana yake.

"Baba, tahiya ta watse hwa. Rabin mutanenku sun juya gona. Shigo, ba mai cewa ka gaza."

Na kalli kujerar motar, busasshiya. Raina ya so ta ƙwarai. Amma na san ina shiga, shi ke nan, na koma tsohon da ake ajiyewa a zaure. Na ce masa sharaɗinmu bai ce in an watse ba. Sai ya biyo ni a baya sannu sannu, ni da motar muna rarrafe.

Bayan la'asar muka shiga Kusada. Rumfar tarba an naɗe ta, kujeru an jibge, ko mai tafi ɗaya babu. Na yunƙura in tashi, ƙafa ta ƙi. Ɗana ne ya ciccibe ni, taɓona ya ɓata masa riga. Ya daɗe yana kallon keken, sannan ya ce, "Baba, gobe ina ofis. Sai dai kai ka tai gona ka ga masu shuka."

Na juya kai don kada ya ga idona.

Ranar ta koya mini cewa masu ƙaunarka su ne kan fara zaunar da kai, kuma da kyakkyawar niyya. In da sauran motsi a jikinka, gardama ba ta gamsar da su, sai sun gani da idonsu. Washegari jikina kamar an yi mini duka, amma na je gonar a kan kekena.