Farin Shafin Malam Sule Direba

Na yi ritaya da daɗewa, amma har yau ban manta da wata ranar Talata da na je gidan Malam Sule Direba a unguwar Koki ba. Lokacin ina nas a wani asibiti, an sa ni cikin masu binciken maganin farfaɗiya. Ku da kuka shigo aikin yanzu komai a waya kuke cikewa. Mu a ƙafa muke bin lungunan cikin gari da jaka a kafaɗa, daga Madabo zuwa Ƙofar Na'isa, har matan unguwa sun san tafiyata. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Ga yadda tsarin yake. Duk wanda ya yarda ya shiga, sai mun karanta masa takardar amincewa ya sa hannu. Sannan a ba shi magani da ɗan littafi, duk ranar da ciwon ya kayar da shi a yi alama. Ni kuma duk wata in je gida in duba littafin, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in kai wa babban likitanmu. Da wannan ake gane ko maganin yana aiki.

Malam Sule ya fi shekara ashirin yana jan babbar mota zuwa kudu. Haɗari ya yi, ya bugu a ka, bayan ya warke farfaɗiya ta same shi. Likita ya hana shi tuƙi, ya ce sai ya yi shekara cur bai faɗi ba sannan a sake magana. Tun daga ranar ya shiga ƙirga watanni.

Ranar da nake ba ku labari wata na takwas ke nan. Na same shi a soro, ya miƙo min littafin da fara'a. Shafin fari fat, babu alama ko ɗaya.

"Saura huɗu, Malama," in ji shi.

Sai dai na lura maganarsa ba ta fita sosai, kamar harshensa ya yi nauyi. Na tambaya, ya ce shayi ne ya ƙona shi. Na yi masa sannu, na shiga cikin gida gaida matarsa, Hajiya Talatu. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago kai ba ta ce a hankali, "Sista, shekaranjiya ya faɗi wurin alwala, har ya ciji harshe. Na uku ke nan a watan nan. Ya hana ni faɗa. Amma in ya hau mota a haka fa?"

Na san in na rubuta, lissafinsa ya koma farko. In kuma na yi shiru, rahotonmu zai nuna magani ya yi aikin da bai yi ba, kuma wata rana ciwon zai iya tasar masa a kan hanya.

Na koma soro na zauna a gefen tabarma. Na ce, "Baba, ni nas ce. Na san ƙunar shayi, na san cizon harshe."

Ya mayar da kallonsa ƙofa. Can ya ce, "Malama, kin taɓa ƙetare gadar Jebba da sanyin safiya? Ruwa ta nan, ruwa ta can, mota tana tafiya yadda kake so. Akwai masu abinci a hanyar nan da suka san ni tun ban yi aure ba. Yanzu fa? Ko masallaci za ni sai an bi ni da ido."

Ban yi masa faɗa ba. Na ce masa likita da littafin nan yake gani. In ya ga fari, zai bar shi a kan adadin maganin da bai ishe shi ba, kuma haka za a yi wa waɗanda za su zo bayansa. Na ajiye biro a kan littafin, na ce ni ba zan rubuta da hannuna ba tukuna.

Ya jima yana juya biron. Sannan ya yi alama ɗaya, ya yi ta biyu. Ya ɗaga murya ya ce, "Talatu, na ukun ran wace rana ce?" Daga ciki ta amsa, "Lahadi." Ya yi ta uku, ya rufe littafin, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

Washegari na kai wa babban likita. Ya karanta, ya ce, "Shi ya rubuta da kansa?" Na ce e. Ya ce a kawo shi a ɗebi jini, aka gyara masa magani. Faɗuwar ta ragu sosai, amma ba ta taɓa barinsa shekara guda ba. Bai sake riƙe sitiyari ba. Daga baya abokansa suka sama masa aikin tsara lodi a tasha. Ganina da shi na ƙarshe a can ne, bayan an rufe binciken. Ya gaishe ni da kyau, amma muna magana idonsa yana kan wata mota da ke fita.

Abin da na koya shi ne, mai ciwo ba ya ɓoye mana gaskiya don mugunta. Akwai abin da ciwon ya raba shi da shi, yana so ya koma. Wata takwas ina zuwa gidan nan ina tambayar sau nawa ya faɗi, ban taɓa tambayarsa me ya fi kewa ba. Ku in kun shiga gidan mutane, ku fara da wannan tambayar.