Allurar Kaka da Fitsarin Tsutsa

Laifin bakina ne, gara in faɗa tun farko. Ni mutum ne da idan na ga ɓera a ɗakin girki, kafin in kai tsakar gida ya zama akuya, kafin in kai bakin titi ya tunkuyi mai babur. A gidanmu da ke bayan Gidan Waya kowa ya san halina, dariya kawai ake yi. Ban taɓa zaton wata rana za a yarda da ni ba.

Kakata, wadda ta haifi Mama, tana da ciwon suga. Safe da yamma takan shiga ɗakinta ta yi wa kanta allurar insulin a cinya. Da yake wutar lantarki baƙuwa ce a wurinmu, kwalbar maganin tana zama cikin 'yar tukunyar ƙasa da aka dasa a jiƙaƙƙen yashi bayan ƙofa. Ni ke zuba wa yashin ruwa. Tana kirana mijinta, ina kiranta amarya, kuma kullum tana barazanar yin yaji don ban taɓa saya mata ko ɗankwali ba.

Wata rana malamin bayoloji ya yi mana bayanin yadda ake yin insulin. Ya ce a da daga jikin alade da saniya ake samo shi. Yanzu kuwa masana sun kwafi umarnin da jikin mutum ke bi wajen yin sa, sun sa shi cikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Ana kiwonsu a manyan tankuna, su yi ta fitar da maganin, a tace shi tas. A natse ya faɗa. Ni kuwa tun a hanyar gida labarin ya fara ƙiba.

Na tarar da Kaka da ƙawayenta biyu na Zumuntar Mata ta coci suna tsaga citta a ƙarƙashin mangwaro. Kawu yana gefe yana fama da baburinsa.

Na ce, "Amarya, kin san abin da kike tsira wa kanki kullum?"

"Magani mana. Ko ka zo da wanda ya fi shi?"

"A da daga alade ake samo shi, yanzu kuwa fitsarin tsutsa ne. An yanki ɗan naman mutum aka ba tsutsa ta haɗiye, ta zama rabi mutum rabi tsutsa. Har gaisuwa take yi. Da safe a ce mata, Madam, ga masu suga na Kafanchan suna jira, ta tsuguna ta cika kwalba."

Kawu ya yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa. Ɗaya daga cikin matan ta ajiye wuƙa ta ce wannan ai alamar ƙarshen zamani ce, ɗan Adam ya sa hannu cikin aikin Ubangiji. Ɗayar ta ce ita kam wannan allurar ce ta riƙe mata maigida, in fitsarin tsutsa ne a kawo mata a jarka. Kawu ya ce shi bai damu da tsutsa ba, damuwarsa wa ke duba masu yin abin, don ko maganin ƙwari na jabu da ya ƙone masa wake da tambarinsa ya zo.

Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mutumin da aka yanka, ɗan waye? An tambaye shi?"

A nan ya kamata in tsaya. Amma ana dariya, ni kuma idan ana dariya ba ni da birki. Na ce, "Wani dogon Bature ne. Ba ki ga kwanan nan kin fi son shayi da kunu ba?"

Ta ce, "Na aladen fa?"

"An daina."

"Alade dai na san shi," ta ce, ta ci gaba da tsaga citta. "Na san abin da yake ci."

Bayan 'yan kwanaki na shiga ɗakinta da kofin ruwa, na same ta ta ja maganin cikin sirinji tana matse shi a yashi. Muka haɗa ido. Ta ɗora yatsa a baki. Dabara ce: Mama takan ɗaga kwalbar ta ga ko tana raguwa, kuma tana raguwa.

Wannan ne wurin da nake jin kunyar rubutawa. Na san abin da zan yi. Ko in ce mata ƙarya na yi, ko in gaya wa Mama. Amma in na gaya wa Mama za ta tambayi dalili, dalilin kuwa ni ne, kuma na san bulalar da ke rataye bayan ƙofarta. Sai na ce a raina gobe zan gyara. Na zuba wa yashin ruwa kamar abin kirki, na fita buga ƙwallo.

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Kaka ta fara shan ruwa kamar tana ba gona, tana zarya zuwa bayan gida. A sujadar coci ta yi barci tun kafin waƙar farko ta ƙare. Ta daina tsokanata. Ranar da ta zame daga kujera a tsakar gida, Kawu ya ɗora ta a babur, Mama ta riƙe ta ta baya, ni na bi su a wani har asibiti a Kafanchan.

Da aka sa mata ruwa ta farfaɗo, likita ta tambaye ta me ya sa ta bar allura. Kaka ta ce mantuwa ce ta tsufa. Ko kallona ba ta yi ba. Wannan ya fi mini bulala zafi, sai na buɗe baki na faɗi komai, har da Baturen da shayin. Babu wanda ya yi dariya. Mama ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

Likitar ta jawo kujera ta ce, "Kaka, ba a yanki kowa ba, babu tsutsa. Kamar ki ji yadda maƙwabciya ke haɗa miya ne ki koya wa wata. Ba a taɓa tukunyarta ba."

Kaka ta ce, "To wa ke tsaye a kansu, 'yata?"

Likitar ta ce akwai hukumomi masu gwada magani, a ƙasashen da ake yin sa da nan gida.

"Ke kin gan su da idonki?"

Likitar ta ce a'a, amma ta ga marasa lafiya da yawa da ya tayar, kuma uwarta ma shi take yi. Kaka ta ce har yanzu bai kwanta mata ba a ce an koya wa wata halitta aikin jikin mutum ba tare da an tambayi tsofaffi irinta ba, amma a kawo allurar.

Mama ba ta doke ni ba, ko a ranar ko bayanta. Kaka ta dawo gida ta ci gaba da allura, sai dai yanzu Mama ce ke yi mata. Idon Kaka na hagu bai koma gani kamar da ba. Likita ta ce ba lallai ne kwanakin nan suka jawo ba, amma ba ta ce ba su ba ne.