Mutari Mai Taswira a Ka

Mutari, mutumin wani ƙauye ne a arewacin Tawa, shi ya binne rabin wayoyin talho na Yamai da hannunsa. Daga unguwar Yantala har Goudel, babu inda wata igiya ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa da bai san zurfinta ba. Taswirar da injiniyoyi suka bari kuwa tuni gara ta yi walima da ita a cikin kabad.

Shi fa Mutari akwai rowar sani. In abokan aiki suka tambaye shi ina layin kaza ya bi, sai ya yi dariya ya ce, "Ku dai ku kawo shebur." Dabararsa ita ce, muddin shi kaɗai ya san hanya, babu mai korarsa. An ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Nasa ba na mugunta ba ne, na tsoron yunwa ne, amma ya yi zurfi.

A shekarar 1984 damina ta ƙi. Ƙanensa Mumuni ya aiko da saƙo cewa gero ya ƙare, dabbobi sun zube, kuma mahaifiyarsu Hajjo ba ta iya tashi, sai kiran sunansa take. Mutari ya sayi gero buhu biyu, ya je neman izinin kwana goma wajen laftanan da soji suka ɗora a kan gidan waya.

"In layin bariki ya yanke ba ka nan, wa zai gyara?" in ji laftanan.

"Ranka ya daɗe, a ba ni takarda da biro. Kafin jibi na zana muku komai."

"Ka zana? Takarda ai sace ta ake yi. Wannan sirrin ƙasa ne. A kanka ya fi tsaro, kan kuma nan zai zauna."

Aka kai sunansa duk shingayen fita gari. Mutari ya ji kamar ya haɗiye zuciya. Ya ba wani direban babbar mota buhunan, shi kuma ya ci gaba da haɗa muryoyin mutane da ’yan’uwansu, alhali ko turken waya ɗaya babu a ƙauyensu.

Direban ne ya dawo ya same shi cikin rami kusa da kasuwar Petit Marché, ya tuɓe hula.

"Malam Mutari, sai haƙuri. Gero ya isa, amma na tarar an yi sadakar bakwai ta mahaifiyarka."

Maƙwabta suka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Ba a kai ga shafa fatiha ta uku ba, motar soji ta tsaya. Layin Yantala ya yanke. Mutari ya share fuska, ya ɗauki shebur ya shiga bayan motar.