Maki Ukun da Gumsu Ta Ba Edna

Ku daina cewa lissafi kai ne kawai, wai wani da shi aka haife shi, wani kuma sai haƙuri. Ƙarya ne! Ku ji labarin Hajja Gumsu Zarami, tsohuwar tela a Jimeta, wadda har ta gama firamare ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba.

A 1969, lokacin Jihar Arewa maso Gabas, babanta ya taso da su daga Borno, aka sa ta aji bakwai, benci ɗaya da Edna, wata yarinya mai surutu da ke raba mata gyaɗa kullum. Duk Juma'a Malam Absalom kan ba da lissafi goma, a yi musayar littafi, ya karanto amsa, kowa ya duba na maƙwabcinsa. Da wannan makin zai zaɓi 'yan mata biyar da za su zauna jarrabawar shiga sakandare a Yola. Edna kuwa ba ta da buri sai wannan.

Ajin sun daɗe da shirya abinsu: ka ga kuskure, ka goge, ka gyara, ka ba da maki. Gumsu ta duba littafin Edna, bakwai ba daidai ba. Edna ta taka mata ƙafa.

"Gyara mana, Adda!"

Gumsu ta riƙe fensir. Ƙawa ɗaya gare ta a garin nan. Ta rubuta uku.

"Edna?" in ji Malam.

"Uku, Malam."

Aji ya ɗauki ihu! Mai tara da goma kullum? Aka tashi, Edna ta tare ta gindin mangwaro.

"Ke 'yar Borno, ki dawo min da gyaɗata! Waye ya aiko ki?"

"Gyaɗa ta riga ta wuce. Zo nan. Rabi da sulusi, me kika rubuta?"

"Biyu bisa biyar. Sama da sama, ƙasa da ƙasa. Sai me?"

Gumsu ta tsinci karan dawa biyu masu tsawo ɗaya. Ta karya na farko gida biyu, na biyun gida biyar. Ta ajiye rabi, ta jera guntaye biyu a gefensa. Ba su kai shi ba.

"Kin ƙara wa rabi abu, kuma ya rage tsawo?"

Edna ta buɗe baki za ta yi zagi, ta tsaya. Ta tsuguna. Ta sake aunawa da kanta.

"Kai! Kai, kai! To nawa ne?"

"Ni ma ban sani ba, maki shida na ci. Mu nema."

Suka yi ta karya kara har suka gwada gida shida. Rabi ya zama uku, sulusi biyu. Edna ta yi tsalle tana ihun "Biyar bisa shida!" har awaki suka watse.

Ajin suka juya wa Gumsu baya, ba mai son musaya da ita sai Edna. Mako-mako makin Edna ya hau: huɗu, shida, shida, takwas, duk nata na gaskiya. Malam Absalom ya ga abin da mamaki, ya ce gwajin ƙarshe a allo za a yi, kowa ya nuna hanyarsa. Masu goma suka tsaya suna juya alli. Edna ta fita ta cika allo, har da bayanin da ba a tambaye ta ba. Ta shiga cikin biyar. Gumsu ta zo ta shida, ta rungume ta tana dariya da hawaye.

Edna ta koyar da lissafi shekara talatin. Gumsu ta kama keken ɗinki, kuma duk wadda ta koya a hannunta ta san in awo ya kuskure, sai an warware an sake.

Yanzu ku da kuke tura wa ƙannenku amsa ta waya ranar jarrabawa kuna kiransa taimako, ku fito ku kare kanku. Ku kuma da aka taɓa hana ku makin banza, ku faɗa mana wa ya yi muku. Kar wanda ya karanta ya wuce shiru!